Yadda ake gane jaririn kunkuru da kula da shi a gida

Ɗaukar jaririn kunkuru a matsayin kififiya kuskure ne da kan jawo mutuwarsa. Kififiya tana da ƙafafun iyo da ƙoƙon baya a baje. Shi kuwa kunkurun tudu ƙafafunsa masu kauri ne, bayansa a tashe, kuma nutsewa yake yi a ruwa mai zurfi.

Kunkurun yankin Sahel yana fitowa daga ƙwai da tsawon kimanin santimita 5, da ragowar gwaiduwa a ƙarƙashin cikinsa. Ba a cire ta, domin ita ke ciyar da shi a kwanakin farko.

Bushewar jiki ita ce babbar barazana gare shi. Saboda haka ana sanya shi kullum a ruwa mai ɗumi-ɗumi wanda bai wuce haɓarsa ba, na tsawon minti 15. Abincinsa ciyawa ne da ganyaye, ban da nama da tuwo. Yana buƙatar hantsi domin ƙoƙonsa ya yi ƙwari, da inuwar fakewa.

Wajibi ne a wanke hannu bayan taɓa shi saboda ƙwayar cutar salmonella. Kungiyar IUCN ta sanya wannan nau'i cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, don haka bai dace a ɗebo shi daga daji ba.