Bizar Injiniya: Kamfani Ne Ke Tsaya Maka

A zamanin da fatake ke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, baƙo ba ya faɗawa kasuwar Salaga kai tsaye ya kwance kaya. Gidan fatoma yake fara sauka. Fatoman ne ke ba shi ɗaki, ya adana masa haja, ya haɗa shi da masu saye, kuma in wata magana ta taso a gaban sarki, shi ne zai miƙe ya ce baƙona ne, na tsaya masa. Bizar aikin da ƙasashen Turai da Amurka ke ba injiniyoyi a yau, a kan irin wannan ginshiƙi take. Gwamnatin can ba ta san ka ba, kuma ba ta da niyyar saninka. Kamfanin da ke ƙasarta ta sani, shi take riƙewa.

Shi ya sa nake jin nauyi a raina idan matashin injiniya ya tambaye ni ta ina ake samun biza. Ya ɗauko zaren daga ƙarshensa. Aiki ake fara samu, biza ta biyo baya. Wanda ya juya wannan jerin, shi ne yake faɗawa hannun 'yan damfara.

Bari in zauna a kan Birtaniya, domin tsarinta a shimfiɗe yake, kuma can ne yawancin masu digiri na Najeriya da Gana ke fara hange. Bizar da ake kira Skilled Worker ta fara aiki a Disamban 2020, lokacin da ƙasar ke kammala ficewa daga Tarayyar Turai. Kafin kamfani ya ɗauko ma'aikaci daga waje, sai ya mallaki lasisi daga ma'aikatar cikin gida. Sunayen duk kamfanonin da ke da lasisin suna cikin wani dogon jeri da gwamnati ke wallafawa a shafinta na intanet, kowa yana iya dubawa kyauta. Kamfanin da ba ya ciki, ko da shugabansa ya so ka kamar ransa, ba zai iya kawo ka ba sai ya nemi lasisin tukuna.

Idan ka ci intabiyu aka ba ka aiki, kamfanin zai fitar maka da abin da ake kira CoS, wato shaidar ɗaukar nauyi. Mutane da yawa suna zaton takarda ce mai hatimi da za a aiko a ambulan. Ba haka ba ne. Bayani ne da ma'aikacin kamfanin ke shigarwa a rumbun kwamfutar gwamnati: sunanka, lambar fasfonka, sunan aikin, albashi, ranar farawa da ranar ƙarewa. Abin da zai zo hannunka lamba ce kawai, ita za ka rubuta a fom ɗin neman biza, kuma wata uku gare ka ka yi amfani da ita kafin ta mutu. A cikin bayanin akwai lambar sana'a. Injiniyan gine-gine da hanyoyi 2121 ne, na injuna 2122, na lantarki 2123. Wannan 'yar lamba ba ado ba ce, ita ke yanke mafi ƙarancin albashin da doka ta yarda a biya ka.

A kan albashi ne zance ya fi tsauri. Ma'auni biyu ake ɗorawa, a ɗauki wanda ya fi girma: ƙa'idar bai-ɗaya ta kowa da kowa, da kuma abin da aka saba biyan mai irin sana'arka. Ƙa'idar bai-ɗayan tana fam 26,200 a shekara har zuwa Afrilun 2024, sai aka ɗaga ta zuwa 38,700, sannan a Yulin 2025 ta kai 41,700. Akwai rangwame ga wanda bai kai shekara 26 ba, ko wanda ya gama karatu a can kwanan nan. Amma ga injiniyan da ke Kaduna ko Kumasi yana aika takardun neman aiki, ma'anar waɗannan lambobi ɗaya ce: ƙananan gurabe na sababbin shiga sun yi masa nisa. Dole ya zama mutumin da kamfani zai ga ya cancanci albashin mai gogewa.

Yana da kyau ka ɗan tsaya a wurin mai kamfanin ka ga abin da yake gani. Kuɗin fitar da shaidar kaɗai fam 525 ne tun Afrilun 2025. Akwai wani haraji na daban da yake biya a kan kowace shekara da za ka yi masa aiki, wanda ya daɗe yana fam 1,000 ga babban kamfani kafin a ƙara shi a ƙarshen 2025. Sau da yawa akwai lauya. Bayan kuɗi akwai ɗawainiya: in ka daina zuwa aiki fiye da kwanakin aiki goma a jere ba izini, sai ya sanar da hukuma, haka in albashinka ya sauka ko wurin aikinka ya canja. Jami'ai suna iya dirar masa ba sanarwa su buɗe fayil. In ya yi sakaci aka ƙwace lasisin, duk baƙin da ya kawo sun shiga ruwa. Fatoma ba ya sauke baƙon da bai ga riba a tare da shi ba, kuma ba ya sauke wanda zai ja masa magana. Wannan ne dalilin tambayar nan da ke cikin kusan kowane fom na neman aiki, mai cewa ko kana bukatar a ɗauki nauyin bizarka. Ka amsa gaskiya. Wasu za su ajiye takardarka saboda amsar, amma ƙarya a nan ɓata lokacinka ce, domin kafin a ba ka kujera sai an duba izinin aikinka.

To, me ke sa kamfani ya ɗauki wannan nauyi duka? Abin da bai samu a kusa ba. A ce injiniya ya gama Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ya yi shekara shida yana zanen gine-ginen kankare. In ya rubuta cewa ya yi aiki a wurare daban-daban kuma yana da ƙwazo, bai ce komai ba. In ya rubuta cewa shi ya yi lissafin ginshiƙai da daɓen bene mai hawa bakwai, ya ambaci manhajar da ya yi aikin da ita, ya faɗi irin ƙasar da aka tarar da yadda ya warware matsalar harsashin, mai karantawa zai gyara zama. Akwai kuma wani ƙaramin tarko da nake son injiniyoyin gine-gine su lura da shi. A Najeriya har yanzu ana koyarwa kuma ana aiki da ƙa'idar zanen kankare ta BS 8110, wadda daga Birtaniya aka gado ta. Ita Birtaniyar ta janye ta tun 2010, ta koma ga Eurocode 2. Wanda ya shiga intabiyu bai taɓa buɗe sabuwar ba, tambaya ta biyu za ta tona shi. Wata uku na karatun dare yana cike wannan giɓi, kuma ya fi kuɗin kowane dillali amfani.

Maganar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, tana yawan tasowa. Rajista da ita abu ne mai kyau, tana nuna ƙasarka ta amince da kai, amma ofishin biza na Birtaniya ba ya neman ta. Akwai yarjejeniyar Washington ta 1989, wadda ƙasashe ke amincewa da digirin injiniyan juna a ƙarƙashinta. Najeriya ta samu matsayin wucin gadi a ciki a 2023, sai dai matsayin wucin gadi bai kai ga amincewa da digiri kai tsaye ba. A Birtaniya kana iya aikin injiniya ba tare da lambar girma ta CEng ba, daga baya ka neme ta kana kan aiki. A Amurka kuwa, sa hannu a kan zanen ginin jama'a sai mai lasisin PE, wanda kowace jiha ke bayarwa bayan jarrabawa.

Bayan lambar CoS ta zo, saura naka. Sai ka nuna Turancinka, ko ta jarrabawar da hukuma ta amince da ita, ko ta hanyar kai digirinka ga hukumar Ecctis ta tabbatar da Turanci aka koyar da kai. Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da aka yafe wa wannan, ko da kuwa da Turanci ka yi karatu tun firamare. Sai gwajin tarin fuka a asibitin da aka keɓe, wanda a Najeriya hukumar IOM ke yi a Legas da Abuja. Sai fam 1,270 da za su kwana 28 a jere a asusunka, in ba kamfanin ya rubuta cewa zai riƙe ka a watan farko ba. Sai kuɗin bizar. Sai babban, wanda yake ba mutane mamaki: harajin lafiya, fam 1,035 a shekara ga babba, 776 ga yaro, kuma na dukan shekarun ake biya a dunƙule tun kafin tafiya. Mai mata da 'ya'ya biyu da bizar shekara uku zai ajiye fam 10,866 a kan wannan kaɗai. Wasu kamfanoni suna biya, wasu suna ba da rance. Ka tambaya tun ana cinikin albashi, ba bayan ka sa hannu ba.

Amurka ta fi wuya, kuma ba don ƙarancin aiki ba. Bizar H-1B, wadda dokar 1990 ta kafa, tana da adadi: 65,000 a shekara, da ƙarin 20,000 ga masu digiri na biyu daga jami'o'in Amurka. Masu nema sun ninka guraben, don haka kamfani yakan yi maka rajista a watan Maris, a yi ƙuri'a, wanda ya fito ya fara aiki daga 1 ga Oktoba. Kamfani yana iya son ka, ya shirya biya, ƙuri'a ta ƙi ka. Jami'o'i ba sa cikin wannan adadi. A Satumban 2025 kuma Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin biyan dala 100,000 kan sabuwar bukata ga wanda ke wajen ƙasar, abin da ya sa ƙofar ta ƙara ƙuntata ga mai nema daga gida. Ga wanda yake aiki da kamfanin da ke da reshe a Amurka, kamar manyan kamfanonin mai da na sadarwa, akwai bizar L-1 ta sauyin wurin aiki, ba ƙuri'a, matuƙar ya yi wa kamfanin shekara guda a cikin ukun da suka wuce. A ganina wannan hanya ta cikin gida mutane sun raina ta fiye da kima.

Jamus ta bi wata hanya. Ba a neman lasisi daga kamfani. Bizar Blue Card digirinka take kallo da albashinka. Za ka duba jami'arka da digirinka a rumbun anabin, in ba su fito ba ka nemi ofishin ZAB ya auna maka. Injiniya yana cikin sana'o'in da ake ƙarancinsu, don haka ma'aunin albashinsa ya fi sauƙi: a 2025 yuro 43,759.80 ne a shekara, maimakon 48,300. Wanda ya kai matakin B1 a Jamusanci yana iya samun zaman dindindin bayan wata 21. Yaren ne jarin, musamman a matsakaitan masana'antun da ke ƙananan garuruwa, inda ake taron safe da Jamusanci.

Saudiyya kuwa ba sai na yi dogon bayani ba, kowane Bahaushe ya san kafili da igama. Abin da injiniya zai ƙara sani shi ne sai ya yi rajista da majalisar injiniyoyin ƙasar kafin igamarsa ta fito da sunan sana'ar.

Yanzu ka ga dalilin da ya sa nake cewa duk wanda ya yi maka tayin sayar da CoS ka guje shi. Dokar Birtaniya ta hana kamfani ɗora wa ma'aikaci kuɗin lasisi ko kuɗin shaidar. Kuɗi daga aljihun kamfani yake fita, ba ya shiga. Mun ga abin da ya faru a fannin kula da tsofaffi, inda mutane suka sayar da filaye da motoci, suka sauka can suka tarar babu aikin, har gwamnati ta rufe ɗauko irin waɗannan ma'aikata daga waje a Yulin 2025. Ganin sunan kamfani a jerin gwamnati ma bai isa ba, domin ɗan damfara yana aron sunan kamfanin gaskiya. Ka duba adireshin imel ɗin harafi bayan harafi. Ka nemi lambar wayar kamfanin da kanka, ka kira ka tambaya ko gurbin yana nan. Aikin injiniya da aka ba ka ba tare da wani injiniya ya yi maka tambayar fasaha ko ɗaya ba, ba aiki ba ne. In kuma takardar bogi ta shiga cikin fayil ɗinka, kai za a hana shiga ƙasar har shekara goma, ba dillalin ba.

Saura abin da masu murnar samun biza ba su cika son ji ba. Igiyar tana hannun kamfani. In aikin ya ƙare, a Birtaniya yawanci ana rage izinin zamanka zuwa kwana 60, a Amurka ma kwana 60 ne, a cikinsu za ka samu wani mai tsaya maka ko ka tattara iyali. In kai ka so sauya kamfani a Birtaniya, sai sabon ya fitar maka da sabuwar shaida, ka sake neman biza, kuma ba za ka fara aikin ba sai an amince. Zaman dindindin bayan shekara biyar ne yake tsinke igiyar, kodayake a Mayun 2025 gwamnatin Birtaniya ta bayyana niyyar mayar da wa'adin shekara goma. Saboda haka kafin ka sa hannu a kwantiragi, ka nemi sakin layin da ke maganar mayar da kuɗi. Kamfanoni da yawa suna rubuta cewa in ka bar su kafin shekara biyu ko uku za ka biya wani ɓangare na abin da suka kashe wajen kawo ka. Ka nemi a rubuta adadin da lambobi, a fayyace abin da ke ciki, a nuna yadda yake raguwa da tafiyar watanni, kuma a bayyana ko yana hawa kanka idan su ne suka sallame ka.