Sunan Yaro Ma Darasi Ne

A shekarar 2001 marubuciya Yangsook Choi ta fitar da wani littafin yara mai suna The Name Jar. Labarin wata yarinya ne, Unhei, wadda iyayenta suka ƙaura daga Koriya zuwa Amurka. Da ta ga yara sun kasa faɗin sunanta, har suna yi mata tsiya, sai ta ce za ta zaɓi sabo. 'Yan ajinsu suka yi ta rubuta sunaye suna jefa mata a kwalba, amma daga bisani ta riƙe wanda aka raɗa mata. Malaman firamare a can sukan karanta wa yara shi a farkon shekarar karatu, tare da Alma and How She Got Her Name na Juana Martinez-Neal, wanda ya fito a 2018, inda uba ke warware wa 'yarsa asalin sunayenta shida.

Hikimar abin ita ce, galibi sunansa ne kalmar da yaro ke fara ganewa a rubuce, kuma da baƙaƙensa yake fara gane sauran. In an gama karatun, sai malami ya ce kowa ya je gida ya tambayo wanda ya sa masa suna da dalilin sa shi.

A ajin Hausawa wannan tambaya tana da amsoshi masu yawa. Bayan sunan yanka, akwai laƙabin da ke faɗin yadda aka zo duniya. Jummai da Ɗanjuma haihuwar Juma'a ne, Talatu ta Talata. Tanko ya biyo mata, Gambo ya biyo tagwaye, Audi bai tarar da mahaifinsa ba. Wanda ya ci sunan kakansa ana kiransa Abba ko Baba saboda alkunya. Wasu kuma sun shahara da sunan garinsu, kamar Aminu Kano da Shehu Shagari. Daga nan kaɗai yaro zai koyi ranakun mako, da jerin dangi, da ɗan tarihi.

Sai dai aikin na son lura. Wani sunan yana ɗauke da labarin rashi, kamar Ajuji, da ake sa wa ɗan wabi don a ga ko zai tsaya. Bai kamata a tilasta wa yaro faɗin irin wannan a gaban aji ba. Haka ɗan Bayarabe ko ɗan Ibo da ke ajin: malami ya koyi faɗin sunansa daidai, kada ya gutsure shi don sauƙin bakinsa.

Rashin littafi ba hujja ba ne. Kowane ɗalibi ya rubuta shafi ɗaya a kan sunansa, ya yi zane, malami ya haɗa ya ɗinke. Ga littafin karatu ya samu, kuma marubutansa suna zaune a ajin.