Indararo ya faɗi a sabon soro: mi ya kawo, yaya za a gyara?

Magidanci ya sayar da wake, ya haɗa da kuɗin cin rani, ya gina soro. Ya buga birgi, ya sayi azara, ya biya magini. Ruwan farko ya sauka, na biyu ya biyo. Da safe sai a ga indararo a ƙasa, ruwa kuma ya tsaga bango daga sama har gindi. Wannan yana faruwa kowace damana, kuma ya fi samun sabon gini bisa ga tsoho.

Wasu suna cewa iska ce. Wasu suna cewa bakin mutane ne. Iska tana da nata laifi, amma ba safai take tumɓuke indararon da aka kafa da kyau ba.

Ruwan da indararo yake ɗauka

Ga lissafi mai sauƙi, wanda za a iya yi a allo. Ruwan sama milimetir 1 bisa fili mai metir 1 tsawo da metir 1 faɗi, litir 1 ne. Ɗaki mai metir 4 tsawo da metir 4 faɗi, in aka yi ruwa milimetir 50 a dare guda, rufinsa ya karɓi litir 800. Tano huɗu ke nan, kowane mai litir 200. Duk wannan ruwa ta indararo zai fita. In indararo ya faɗi, ta jikin bango zai bi, bangon kuwa ƙasa ce.

Kowa ya ga abin da ruwa ya yi wa gidajen ƙasa a damanar 2020 da ta 2024. A watan Satumba na 2024 har tsohon masallacin Birnin Damagaram ya rushe. Babu indararon da zai tare ambaliya, gaskiya ne. Amma bangon da ruwan rufi ya riga ya ci, shi ne yake fara zubewa.

Mi ya sa sabon gini?

Babban dalili shi ne gini bai gama zama ba. Ƙasa in ta bushe tana tsukewa. Wanda ya yi gaggawa, ya gina da birgi mai sauran danshi don damana ta matso, zai ga tsaga ta fito kewaye da indararo. Ruwa ya samu hanya. Yana shiga ta ƙarƙashi, yana jiƙa mazaunin indararo, har wurin ya koma taɓo. Sai nauyin ruwa ya rinjayi bakin waje, indararo ya kife. Azara ma tana ɗan lanƙwasa a shekarar farko saboda nauyin ƙasar rufi. In tsakiyar rufi ta lotsa, ruwa yana kwanciya a can, ba ya zuwa bakin indararo da sauri.

Na biyu, rowar tsawo. Ana sayen indararo gajere, ko a raba ɗaya biyu. Domin a samu abin da zai leƙo waje, sai a soka kaɗan cikin bango. Wannan ba kafawa ba ce, ratayawa ce.

Sauran dalilan kowa ya san su. Rairayin hunturu da leda da karmami suna toshe baki. Gara tana cin na icce, in ba giginya mai ƙwari ba ce. Tiyo na roba yana da santsi, laka ba ta kama shi sosai, rana kuma tana busar da shi har ya tsage. Yara ma suna lilo da shi.

Gyara

Kada a ce sai kaka. Malka tana gaba, a watan Agusta, kuma ruwa biyu ko uku sun isa su ɓata bango. In ana cikin kwanakin ruwa, a soka guntun tol a wurin, a danne da dutse, kafin rana ta fito.

Ran da gari ya buɗe, mai gida ya hau rufi. Ya kwashe duk ƙasar da ta jiƙe, har ya iske busasshiya. Yaɓa sabuwar laka bisa taɓo aikin banza ne. Ya duba kan azarar da ke kusa. In ta fara ruɓa, a kira magini, wannan ya wuce aikin mutum ɗaya.

Sai a zaɓi indararo mai tsawo da faɗin baki. Ya ratsa kaurin bango duka, ya shiga cikin rufi kamar taƙi ɗaya. Abin da ya leƙo waje ya kai rabin metir ko fiye, domin ruwa ya zuba nesa da gindin bango. Bakin ciki ya zauna a wurin da ya fi ko'ina gangare a rufin, ƙasa da daɓe kaɗan. Bakin waje ya ɗan sunkuya. A danne na ciki da birgi busasshe ta gefe da gefe.

Lakar da za a cika wurin da ita, a kwaɓa ta da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu ko uku, a sake takawa. A sa ta kaɗan kaɗan, ana dannawa, ana bari ta sha iska. Inda ake samun makuba, a shafe da ita. Wasu suna zuba siminti kai tsaye bisa laka. Yana da kyan gani, amma siminti da laka ba su kama juna. Bayan ɗan lokaci yana ɗagawa, ruwa ya shige bayansa ba a sani ba.

In aiki ya bushe, a hau da bokiti biyu na ruwa, a zuba a tsakiyar rufi, wani ya tsaya ƙasa yana kallo. In ruwa ya fita ta baki kawai, an yi daidai. In ya ɗiga ta ƙarƙashi, a sake. Ɗaki babba kuwa indararo ɗaya bai ishe shi ba, a ƙara na biyu.

A ƙasa, inda ruwa yake sauka, a jera duwatsu, a ja ƴar hanya. Hanyar kada ta nufi bangon maƙwabci. Mai gari ya sha raba irin wannan rigima.

Saura maganar kuɗi. Sau da yawa magini yana cewa ruwa ne ya yi yawa, mai gida yana cewa aiki ne bai yi kyau ba. Wanda zai yi gini baɗi, ya shirya da magini tun farko, gaban shaidu biyu: in indararo ya faɗi a damanar farko, magini zai dawo ya gyara. Wanda ya iya rubutu ya sa sharaɗin a takarda, da kwanan wata, kowa ya riƙe tasa.