Kowane Tsoro da Ma'auninsa

Mu 'yan kasuwa ba mu sayen hatsi sai an auna da tiya. To kalmomin tsoro ma kowace da nauyinta, kuma daga Madawa zuwa Buza da Keita kullum muna furta su ba tare da awo ba.

"Tsoro" shi ne uwa. Yaro na tsoron duhu, mai bashi na tsoron haɗuwa da mai kuɗi. "Fargaba" da "zullumi" kuwa na abin da bai zo ba ne: mai albasa da ya yi lodi daga Madawa, har motar ta isa Abidjan gabansa na faɗuwa. "Firgita" da "razana" na abin da ya faɗo ba zato ne, kamar ƙarar bindiga ranar kasuwa. In abin ya kai mace ta bar rumfarta da lalitarta ta ruga ba takalmi, nan ne ake cewa "ta kiɗime". Na ƙarshe shi ne "tashin hankali", wanda aka ce ba a sa masa rana.

Magabatanmu idan bala'i ya fi ƙarfin waɗannan kalmomi, suna suke raɗa masa. Yunwar 1913 zuwa 1914 suka kira ta Kakalaba. Ta 1984 aka ce mata El-Buhari, domin a shekarar ne Janar Buhari ya rufe iyakar Najeriya, hatsi ya daina shigowa. Da yawanmu kuma mun ga 2005, bayan fara da ƙarancin ruwan damanar 2004 sun bar rumbunan Adar fayau. Haka mutanen Bangi da ke bakin iyaka, waɗanda suka karɓi 'yan gudun hijira daga jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, in sun ce tashin hankali sun san abin da suke nufi.

Shi ya sa muke jan hankalin juna. Wanda ya shigo kasuwa yana cewa "masifa ta zo" don kawai tiya ta ƙara dala biyar, shi ke sa masu hali su ɓoye hatsi, farashi ya haura da gaske, talaka ya kwana da yunwa. Ranar da abin razana na gaskiya ya zo kuma, ba mai saurarensa.

Kafin mu kai labari gaba, mu tambayi mai shi: da idonka ka gani, ko ji ka yi? Allah ya tsare mu da dukiyoyinmu, amin.