'Yan Taru: Mafakar matan da ƙuruciya da aure suka yi wa ɗaci a Sakkwato

A unguwannin tsohon birnin Sakkwato irin su Ƙofar Dundaye, ba baƙon abu ba ne a ga macen da ta tashi cikin maraici, aka aurar da ita da wuri, auren ya ƙi daɗi, daga bisani ta rungumi karatun Alƙur'ani a Islamiyyar matan aure. Wasu kan ce gajiya da duniya ce kawai. Tarihi kuwa ya nuna tafarki ne da aka share wa mata kusan shekara 200 da suka wuce.

Wadda ta share shi ita ce Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama, kuma tana da shekara 11 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, ta ga yunwa da yaƙi da idonta. Ita ta dace da miji malami, Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, amma mata da yawa ba su samu wannan rabo ba. Yaƙe-yaƙe sun bar zawarawa da kuyangi birjik, wasu suka koma ga bori domin neman sauƙin damuwa.

Tun kafin nan, Shehu ya soki mazajen da ke barin matansu cikin jahilci a littafinsa Nurul Albab. Asma'u ta mayar da wannan koyarwa aiki, inda a wajajen 1830 ta kafa ƙungiyar 'Yan Taru. Takan naɗa dattijuwa mai ilimi a matsayin jaji, ta ɗora mata malfa da jan rawani. Jajin kan jagoranci tsofaffi da 'yan mata daga ƙauyuka zuwa Sakkwato, su haddace waƙoƙin wa'azi da Hausa da Fulatanci, su koma su koyar da matan da ke kulle. Sukan kuma kula da marasa lafiya, su sasanta rigingimun gida.

Bayan rasuwarta a 1864, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin.

Haƙuri kaɗai ba shi ne abin da 'Yan Taru suka bai wa mace ba. Sun koya mata sallah da tsarki, da haƙƙinta na ciyarwa da gado, sannan suka samar mata 'yan uwa masu sauraren kukanta. Wannan shi ne ma'aunin da ya dace a auna Islamiyyun mata na yau da shi.