Manzannin da ke cikin ƙwayar jiki, da baƙin tabo a tafin ƙafa

In lauje ya yanke mu a gona, bayan ƴan kwanaki sai mu ga fata ta haɗe. Wa ya ce wa fata ta soma tsirowa? Wa kuma ya tsayar da ita da rauni ya cike?

An gina jikinmu da ƴan ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Kowace ƙwaya tana da bango kewaye da ita. Tana kuma da cibiya a tsakiya, inda ake yanke shawarar ta rabu biyu ko ta zauna yadda take. Saƙo yakan zo daga waje ya tsaya a bakin bango. Daga nan sai manzanni su karɓe shi hannu da hannu, kamar yadda umurnin sarki ke biyowa ta wurin hakimi, ya iso ga mai gari, ya sauka ga mai unguwa. Masana sun raɗa musu suna. Ras ya tada Raf, Raf ya tada Mek, Mek ya tada Erk. Shi kuwa Erk ya shiga cibiya ya ce a hayayyafa. Erk na cikin dangin da ake kira MAP-kinaz, wanda aka fara ganowa a 1987 a jami'ar Birjiniya ta Amurka.

Raf yana tada Mek ne da liƙa masa ɗan guntun fosfat, kamar tambari a kan takarda. Haka Mek ke yi wa Erk. Manoma sun san fosfat, don yana cikin takin zamani, akwai ma dutsensa a jihar Tawa. In aiki ya ƙare, sai wasu ma'aikata na cikin ƙwayar su ɓamɓare tambarin, kowa ya huta.

Wani lokaci manzo guda yakan lalace. Ba wanda ya aike shi, amma ba ya daina kai saƙo dare da rana. Ƙwaya ta yi ta rabuwa, har ƙari ya fito. Ciwon daji iri-iri ta nan yake somawa.

A 2002 masu bincike a Ingila suka gano irin wannan lalacewa a jikin wani Raf, cikin ciwon dajin fata mai suna melanoma. Wajen rabin Turawan da ke da ciwon suna da ita. A 2011 Amurka ta yarda da maganin da ke ɗaure wannan manzo, a 2013 kuma da wanda ke ɗaure Mek. Ƙari yakan motse, amma sau da yawa yakan dawo bayan watanni, don saƙon ya sami wata hanya. Shi ya sa ake haɗa magani iri biyu. Tsadarsu kuwa ta fi ƙarfin talaka.

Ga abin da ya shafe mu. Melanoma ba ta cika kama baƙar fata ba. In ta kama, takan fito ne a tafin ƙafa, ko tafin hannu, ko ƙarƙashin farce. Mafi yawan masu irin wannan kuwa Raf ɗinsu lafiya lau yake, don haka wancan magani ba zai amfane su ba. Abin da ke warkarwa shi ne likita ya yanke tabon tun bai yi saiwa ba.

Wa ke duba tafin ƙafarsa? Kaɗan ne a cikinmu, balle mai faso da kaushi. In mun zo wanke ƙafa, mu juya ta mu duba, mu duba ta tsofaffinmu. Baƙin tabo mai ƙara faɗi, ko mai baki a karkace, ko gyambon da ya ƙi warkewa, abin nuna wa likita ne ko da ba ya zafi. Da farko ma ba ya zafi. Kada a kai wa wanzami ya tsaga, kada a ƙona. A je likita mafi kusa. In ma'aikacin lafiya ya yi shakka, zai ba da takardar zuwa babban asibitin jiha, ko cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji da ke Yamai.