Ƙwan da Ba a Juyawa

Kaza in tana kwanci, kullum cikin jujjuya ƙwanta take da baki, masu injin ƙyanƙyasa ma haka suke yi. Wanda ya ɗauki wannan sani ya kai kan ƙwan mesa, baragurbi zai kwasa. Ba a daɗe da saka ƙwan ba ɗan tayin yake kafuwa ta sama, in aka kifa shi gwaiduwa na iya danne shi ya mutu. Shi ya sa masu kiwon mesa a gida, a Amurka da Turai, sai sun ɗiga wa kowane ƙwai alama da fensir kafin su ɗaga shi.

Mesar da suka fi kiwo ta nan Afirka ta Yamma ce, ƙaramar nan da ba ta cika wuce mita ɗaya da rabi ba, wadda in ta tsorata sai ta dunƙule ta cusa kanta a tsakiya. Daga Togo da Benin da Ghana aka fi fitar da ita. A garin Wida na Benin ɗakin bauta guda aka keɓe mata, a yankin Idemili na ƙasar Ibo kuwa wanda ya kashe mesa sai ya yi mata jana'iza. Mu dai namu, wanda maciji ya sara ko tsumma ya gani gudu yake, ba ruwanmu da cewa ita ba ta da dafi.

Ƙwanta yakan kama daga 3 zuwa 11, farare, ɓawonsu da taushi kamar jemammiyar fata, manne da juna. Mai hankali ba ya ɓamɓare su. A dunƙulensu yake sa su cikin robar da aka shimfiɗa wa burbushin dutse mai riƙe danshi, ya rufe, ya tsayar da zafi a digiri 31 zuwa 32. Ruwa kada ya taɓa ƙwan, iskar ciki kuma kada ta bushe. In ya haska tocila a duhu ya ga jajayen jijiyoyi sun barbazu, akwai rai. Daga nan sai jira, kwana 55 zuwa 60.

Duk wannan hidima kwaikwayon uwar ne. Yawancin macizai saka ƙwai suke su kama gabansu, ita kuwa mesa naɗe nata take, wata biyu ba ta ci. Babbar mesar daji takan nemi tsohon suri ko ramin dabgi, ta zuba ƙwai gommai. Ba banza ba mutanen dā suke cewa daga suri macijin nan Masharuwa, wato bakan gizo, ke fitowa ya shanye hadari. A Afirka ta Kudu, Graham Alexander na Jami'ar Wits ya bi sawun mesar can, ya buga sakamakonsa a 2018: mai kwanci takan rikiɗe ta yi baƙi, ta fito bakin rami ta sha rana har jikinta ya kusa digiri 40, ta koma ta gasa ƙwan da wannan zafi. Bayan ƙyanƙyasa ma takan zauna da 'ya'yan kamar mako biyu. Ashe ba kaza kaɗai ce mai 'ya'yan da ke tsoron shirwa ba.

Masu kiwo suna ɗauke wa mesarsu ƙwan ne don ta koma ci da wuri, wannan ba laifi. Wanda ban yarda da shi ba shi ne mai sa almakashi ya tsaga ƙwai kafin lokaci don ɗokin ganin launin ɗan, saboda launi ne kuɗi a kasuwarsu. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, amma ba irin wannan ƙwan ba. Ɗan yana da ɗan haƙori a kan hancinsa da zai yanka ɓawon da kansa. Yakan leƙo, ya koma, ya kwana ɗaya ko biyu yana shanye sauran gwaiduwa. Ko ya fito ba ya kallon ɓera sai ya yi saɓar farko, bayan mako ɗaya ko biyu.